Jirgin ƙasa ya makarar da ni sa'a ɗaya da minti 10: da gaske ana biyan mutum, ko in haƙura?

Bazazzagi_Leicester:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni zama a Birtaniya. Ranar Asabar da ta wuce na tashi daga Leicester zuwa Newcastle, sunan ɗan wani abokina da muka yi makaranta tare. Tikitin zuwa da dawowa na saya ta manhajar waya, fam 84. Tafiyar jirgi biyu ce, ana sauka a Sheffield a canja. Jirgin farko ya tsaya cak a tsakiyar gonaki, aka yi sanarwa cewa fitilun ba da hannu ne suka samu matsala, muka iso Sheffield da lattin minti 22. Ina kan matakala da jakata ina hango jirgin da zan shiga yana barin dandamali. Dole na zauna jiran na gaba. Kafin in isa an yi addu'a, an ci abinci, har wasu sun fara watsewa. Da na duba agogo, sa'a ɗaya da minti 10 na makara a kan lokacin da ya kamata in sauka.

A jirgi na biyu wata dattijuwar Baturiya da ke kusa da ni ta ce lallai in nemi kuɗina. Ni kuwa ɗalibi ne, wata biyar ke nan da zuwana, ba na son abin da zai haɗa ni da hukuma. Da gaske ne ana biya? Wa zan tambaya, tunda kamfanin jirgin farko daban, na biyu daban, manhajar da na sayi tikiti ita ma daban? Kuma ba zai taɓa mini biza ba?

Hajiya_Bradford:
Wa alaikumus salam. Allah ya raya abin da aka samu. Ƙanina, da gaske ne ana biya, kuma ba alfarma ba ce. Shekarata 14 a nan, na karɓa ya fi a ƙirga. Kada dai ka goge tikitin daga wayarka, kuma kada ka bari kwana 28 su wuce. In sun wuce, ƙofa ta rufe.

Injiniya_Derby:
Bari in warware maka shi dalla-dalla, don aikina ya shafi layin dogo. Sunan tsarin Delay Repay, shi za ka rubuta tare da sunan kamfanin in kana neman fom ɗin a intanet. Ba ruwan tsarin da abin da ya jawo jinkirin. Ko na'ura ce ta lalace, ko ruwa ne ya cinye layi, ko direba ne bai zo aiki ba, duk ɗaya ne. Abin da ake dubawa shi ne ƙarfe nawa ya kamata ka sauka a tasharka ta ƙarshe, ƙarfe nawa kuma ka sauka.

In tikitin zuwa ne kaɗai, lattin minti 15 zuwa 29 yana ba ka kashi 25 cikin 100 na kuɗin, minti 30 zuwa 59 rabi, daga sa'a ɗaya kuwa kuɗinka duka. In na zuwa da dawowa ne, sai a raba kuɗin biyu tukuna, domin ɓangare ɗaya na tafiyar ne ya samu matsala, sannan a yi wancan lissafin a kan rabin. Amma in latti ya kai sa'a biyu, na zuwan da na dawowar gaba ɗaya za su maido maka. Wasu kamfanonin ba sa fara biya sai daga minti 30, kai dai wannan bai shafe ka ba. Naka ya faɗa tsakanin minti 60 da 119. Fam 42 kake bin su.

ƊanFagge_22:
Injiniya, ni fa ina ganin minti 22 za su lissafa masa. Jirginsu minti 22 ya makara, sauran ai zaman jira ne ya yi a tasha. Sannan ai manhajar da ta karɓi kuɗinsa ita ya kamata ya bi, a hannunta kuɗin suke.

Injiniya_Derby:
A'a, Ɗan Fagge, duka biyun ba haka suke ba. Wa ya sa shi zaman jiran? Jirgin farko. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Kamfanin da ya fara jawo jinkirin shi zai ɗauki nauyin lattin tafiyar baki ɗaya, ko da jirgi na biyu na wani kamfanin ne. Sharaɗin kawai shi ne tazarar canjin da ke cikin tafiyarka ta kai mafi ƙarancin lokacin da aka ware wa waccan tashar, kuma duk tafiyar da manhaja ta tsara maka da kanta ta cika wannan.

Batun manhaja kuwa, mutane suna haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. In an soke jirginka ko ya yi latti sai ka fasa tafiyar, to nan ne za ka koma wurin wanda ya sayar maka da tikiti ya maido maka da kuɗinka, ba tare da ya cire ko kwabo na kuɗin aiki ba. In kuwa ka yi tafiyar ka isa a makare, wurin kamfanin jirgi za ka je.

ƊanFagge_22:
To na gane. Ashe ni ma na bar kuɗi da yawa a bara ban sani ba. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.

YarKatsina_Lauya:
Bazazzagi, zan amsa maka batun biza tunda babu wanda ya taɓa shi. Na san daga inda tsoron ya fito, sharaɗin nan ne da ke cewa ba a yarda ɗalibi ya ci kuɗin tallafin gwamnati ba. Wannan sharaɗin yana da jerin abubuwan da ya ƙunsa a rubuce, irin su Universal Credit, da Child Benefit, da tallafin kuɗin haya. Kuɗin jinkirin jirgi ba ya ciki, kuma ba ya kama da su. Ciniki ne tsakaninka da kamfani: ka biya a kai ka wuri a kan lokaci, ba a kai ka ba, aka maido maka da wani ɓangare. Ko kamfanin a hannun gwamnati yake, kamar yadda ake ta mayar da su tun daga 2025, hukuncin bai canja ba.

Abin da zai iya taɓa maka biza shi ne ƙarya. Akwai masu duba jadawali su ga jirgin da ya makara su cika fom alhali ba shi suka shiga ba. Wannan zamba ce a ƙarƙashin dokar zamba ta 2006, kamfanoni suna bincike, kuma an sha gurfanar da mutane a kai. Ka rubuta gaskiyar abin da ya faru da kai, shi ke nan.

Abu_Hanan:
Ni tambayata ta addini ce. An kai shi Newcastle ɗin fa. Ya zauna a kujera, jirgi ya ƙone wuta ko mai, ma'aikata sun yi aiki. Yaya za a ce ya karɓi kuɗin zuwan duka, ya zama ya yi tafiya kyauta? Zuciyata ba ta kwanta da shi ba. Ba cin haƙƙin wani ba ne?

Almajirin_Zaure:
Malam Abu Hanan, tambayarka tana kan hanya, Allah ya ƙara mana tsoron haram. Ni ɗalibi ne, ba mufti ba, amma ga fahimtata. Abin da aka sayar masa ba kujera kaɗai ba ce, har da lokaci. Shi ya sa tikitin jirgi mai sauri ya fi na bas tsada. Kuma su kamfanin ne da bakinsu suka sanya wa kansu wannan sharaɗi kafin ya ba da kuɗinsa, suka ce in mun makarar da kai kaza za mu ba ka kaza. Ba shi ya tilasta musu ba. Allah ya ce a farkon Suratul Ma'ida a cika alkawura, kuma hadisi ya zo cewa Musulmi suna kan sharuɗɗansu, sai sharaɗin da ya halatta haram ko ya haramta halal. Wannan ba bashi ya bayar aka ƙara masa wani abu a kai ba, balle a ce riba ce. Wanda zuciyarsa ta ƙi natsuwa, a fom ɗin kamfanoni da dama akwai zaɓin a tura kuɗin ga ƙungiyar agaji.

Abu_Hanan:
Na ji, kuma hujjar lokaci ta shige ni. Duk da haka zan tambayi limaminmu ranar Juma'a.

Baba_Liverpool:
'Ya'yana, ni na zo ƙasar nan tun jirgi yana hannun British Rail, kafin a rarraba shi ga kamfanoni a shekarun 1990. Ban ce kuɗin haram ne ba. Amma ina jiye muku wani abu. Yanzu yaro jirgi na tsayawa sai ya ciro waya ya fara ƙirga minti, yana fatan a kai 30 kada a tsaya a 29. Mu an koya mana cewa wani jinkirin alheri ne. Ba ka san abin da Allah ya kare ka daga gare shi ba a cikin wannan sa'ar. Ni in na isa lafiya sai in ce alhamdulillahi in wuce. Mahaƙurci mawadaci.

Hajiya_Bradford:
Baba, Allah ya ƙara girma. Maganarka gaskiya ce, lafiya uwar jiki. Amma ka yi mini uzuri in ƙara wani abu. Haƙuri da ƙaddara daban, barin haƙƙi daban. Ina cewa alhamdulillahi, sannan in cika fom, ɗaya ba ya hana ɗaya. Wannan yaron ɗalibi ne, iyayensa sun san nairori nawa suka haɗa kafin su sami fam 84. Fam 42 cefanen mako ne a wurinsa. In ya bar musu, ba marayu ya bar wa ba, kuma ba wanda zai ce masa an gode. Mu mutanenmu muna da kunyar tambaya, muna ganin kamar roƙo ne. Baturen da ke kusa da kai, mai gida da mota, kafin jirgi ya tsaya ya gama cika nasa.

Baba_Liverpool:
Hajiya, ban hana shi ba. Ya karɓa. Zuciya nake magana a kai, kada ta koma jin daɗin lalacewar abu don za a samu.

Maman_Biyu_Glasgow:
Baba ya yi gaskiya a kan zuciya, amma ku bari in ba ku labarin abin da rashin sanin haƙƙi ya kusa jawo mini. A hunturun shekarar da na zo, ina dawowa daga wurin yayata da yara biyu, ƙaramar tana goye, babban yana da shekara biyar. Jirginmu ya makara, muka sauka a tashar canji wajen ƙarfe 11 da rabi na dare, na ƙarshe ya riga ya tafi. Allon sanarwa ya yi baƙi, an ja ƙofar shagon shayi, sanyi yana ratsa safar hannu. Yaron yana ta cewa Mama ƙafata ta daskare. Na duba kuɗin tasi a waya, ya fi abin da ke asusuna. Na zauna a benci na fara kuka a hankali don kada ya gani.

Wani ma'aikaci mai rigar lemo ya zo ya tambaye ni ina za ni, ya karɓi tikitina ya duba, ya shiga ofis. Bayan kamar minti 20 sai ga tasi, ya haɗa mu da wasu fasinjoji biyu, har tasharmu, ban ba da ko sisi ba. Ni ina ta yi masa addu'a ina zaton taimakon kansa ne. Daga baya na gano a rubuce yake cikin sharuɗɗan tafiya na National Rail, wato haɗakar kamfanonin jirgin ƙasa na Birtaniya: in matsalar jirgi ta sa ka maƙale, kamfani zai nemi yadda zai kai ka inda tikitinka ya ce, ko ya sama maka wurin kwana. Da na sani, da ban zauna ina kuka ba, kai tsaye zan nufi ofis. 'Yan'uwa mata musamman, kada ku fita ku hau tasi da kuɗinku kafin ku yi magana da ma'aikaci. In babu kowa a tashar, akwai na'urar neman taimako a jikin bango, ku danna. In dole ta sa kun biya, ku karɓi rasit.

Hajiya_Bradford:
Allah sarki Maman Biyu. Wallahi na ji wannan a jikina.

ƊanZango_Hamburg:
Salam 'yan'uwa. Ku mutanen Ingila kuna cikin gata. Mu nan Jamus dokar Tarayyar Turai muke bi, kuma ba a fara maganar kuɗi sai latti ya kai minti 60. Daga nan zuwa 119 kashi 25 ne, daga sa'a biyu kuma rabi. Ba za ka taɓa samun duka ba in dai ka yi tafiyar. Kuma in abin da ya kama bai kai Yuro 4 ba, ba a biya. Tun 7 ga Yunin 2023 da sabuwar dokar ta fara aiki aka ƙara musu mafita: in mummunan yanayi ne da ya wuce misali, ko ɓarayi suka sace wayar layi, ko wani ya shiga kan dogo, suna iya cewa ba laifinsu ba ne su ƙi biya. Yajin aikin ma'aikatansu dai ba ya cikin uzurin.

Amma muna da namu abin da ya yi kyau. In ana hasashen za ka makara da minti 20 ko fiye, tikitinka mai arha da aka ɗaure da jirgi ɗaya ya kwance, kana iya shiga wani. In lokacin isarka tsakanin 12 na dare ne da 5 na asuba kuma latti ya kai sa'a ɗaya, suna biyan tasi har Yuro 120. Masu Deutschlandticket kuwa, wato tikitin wata na ƙananan jirage da bas a faɗin Jamus, Yuro 1.50 ne a kowane lattin sa'a ɗaya, sai ka tara uku kafin ka haye Yuro 4 ɗin.

Bamaradi_Lyon:
A Faransa, a jiragen TGV masu gudun gaske, daga minti 30 ake farawa, kashi 25, ko mene ne dalilin lattin. Sa'a biyu rabi, sa'a uku kashi 75. Sai dai in bai kai sa'a ɗaya ba takardar sayen wani tikitin suke ba ka, ba kuɗi a hannu ba. Ina karanta wannan muhawara ina tuna gida. An shimfiɗa dogo daga Yamai zuwa Dosso, aka yi bikinsa a 2016, har yau ba a ga jirgin fasinja yana zirga-zirga a kai ba. Mu jirgin muke jira tukuna kafin a zo ga lattinsa. Allah ya sa na Kano zuwa Maraɗi ya tabbata mu gani da idonmu.

Mai_Shago_Kaduna:
Amin, Bamaradi. Ni ina gida, ɗan'uwana ne ya saka ni a zauren nan. Gaskiya abin da kuke faɗa kamar tatsuniya nake jin sa. Mu tunda aka buɗe layin Abuja zuwa Kaduna a 2016, abin da fasinja yake roƙo shi ne ya samu tikiti ya isa da ransa. Bayan harin 28 ga Maris 2022 sai 5 ga Disamba jirgi ya dawo aiki. A cikin wannan watan na Maris 2022 ne ma jirgin Legas zuwa Ibadan ya tsaya a daji saboda mai ya ƙare, kowa ya ga bidiyon. Wanda ya ga irin wannan, in ka ce masa a wata ƙasa ana biyan mutum don minti 15, zai ce wasa kake.

Ko a mota haka ne. Kwanaki na biya kuɗin wata babbar bas, aka ce ƙarfe 7 na safe za a tashi, ba mu bar tasha ba sai bayan azahar. Da na ce a ba ni kuɗina, mai rubuta tikiti ko ɗaga kai bai yi ba, ya nuna mini rubutun da ke ƙasan rasit cewa ba a mayar da kuɗi.

YarKatsina_Lauya:
Alhaji, wannan rubutun na ƙasan rasit bai fi ƙarfin doka ba. Najeriya tana da dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, ita ce ta kafa hukumar FCCPC. A cikinta an ce wanda ya biya kuɗin wani aiki yana da haƙƙin a yi masa shi a kan lokaci, in kuma jinkiri ya zama dole a sanar da shi da wuri. A jirgin sama ma dokokin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama, sun fi fayyacewa: tafiyar cikin gida in ta yi lattin sa'a biyu a ba ka abin taɓawa, in ta kai uku kana iya neman kuɗinka. Bambancin shi ne a Birtaniya an yanka ma'auni, minti kaza kuɗi kaza, ga fom, ga wa'adi. A gida sai ka rubuta koke ka yi ta bibiya, yawancin mutane kuma ba su da lokacin.

Mai_Shago_Kaduna:
To Barista, wa zai rufe shago ya je bin naira dubu 15? Kuɗin zirga-zirgar ma ya cinye ta.

YarKatsina_Lauya:
Ana shigar da koken ta intanet. Ban ce za a biya ka gobe ba, amma in mutum 50 suka rubuta a kan kamfani ɗaya, maganar ta wuce ta mutum ɗaya.

Nas_Croydon:
Mu dawo kan Ingila, don akwai masu tikitin mako ko wata ko shekara da suke zaton su ba su da rabo. Suna da shi. Ana raba kuɗin tikitin ne a fitar da kuɗin tafiya ɗaya: na mako a raba shi 10, na wata 40, na shekara 464, sannan a yi lissafin da Injiniya ya kawo. Ni ina da ɗan littafi a aljihun jakar aiki, duk ranar da aka makarar da ni sai in rubuta kwanan wata da jirgin da lokacin da na sauka, ranar hutuna in zauna in cika su gaba ɗaya. Wani fam ɗaya da 'yan kai ne, wani uku. Da yayyafi kogi kan cika.

Amma in faɗi gaskiya, kuɗin ba ya biyan abin da ake rasawa. In na makara, abokiyar aikina da ta kwana a kan marasa lafiya ba za ta tafi gida ba sai na zo na karɓe ta, ita kuma tana da yaran da za ta kai makaranta. Ita wa zai biya ta? Shi ya sa nake cikawa ko na fam ɗaya ne, don a rubuce ya nuna cewa an ɓata wa wani rana. Sannan mazauna Landan ku lura, jirgin ƙarƙashin ƙasa tsarinsa daban ne. Daga minti 15 ne, amma ba sa biya in dalilin ya fi ƙarfinsu.

Sabon_Ango:
Ni nawa ya fi na kowa ciwo. Jirgin ƙasa ya makarar da ni na rasa jirgin sama zuwa Abuja, saura kwana huɗu ɗaurin aurena. Sai da na sayi sabon tikiti. Da na nema, kuɗin tikitin jirgin ƙasan kawai suka ba ni. Wannan adalci ne?

Injiniya_Derby:
Ango, Allah ya sanya alheri, kuma na tausaya maka. Delay Repay ba ya wuce kuɗin tikitin jirgin ƙasa. Asarar da ta biyo baya, kamar jirgin sama ko otal, hanyarta daban ce. Tun Oktoban 2016 dokar haƙƙin masu saye ta 2015 ta hau kan jiragen ƙasa, don haka kana iya rubuta musu ka nemi asararka in za ka nuna sakacinsu ne ya jawo, ba abin da ya fi ƙarfinsu ba. Ba shi da sauƙi, kuma za su tambaye ka tazarar da ka bari kafin tashin jirgin saman. Inshorar tafiya ita ce ta fi saurin rufe irin wannan, in ka saya ka duba takardarta.

Bazazzagi_Leicester:
Na dawo da labari. Na cika fom ɗin kamfanin jirgin farko kamar yadda kuka ce, bai ɗauke ni minti 10 ba. Bayan kwana huɗu imel ya shigo: sun amince, fam 10.50. Wato lissafin Ɗan Fagge suka yi, minti 22. In karɓa in yi shiru ne? Da babu gara ba daɗi.

ƊanFagge_22:
Kun gani ko? Ni dai na faɗa tun farko.

Injiniya_Derby:
Ɗan Fagge, abin da suka yi ke nan, amma ba shi ne daidai ba. Bazazzagi, kada ka yi shiru. Na'ura ce take duba yawancin fom ɗin nan, ba mutum ba, kuma ta kan rikice a tafiyar da ke da canji. Ka tabbata a fom ɗin Leicester zuwa Newcastle ka rubuta, ba Leicester zuwa Sheffield ba? Ko ma mene ne, a cikin imel ɗin ko a asusunka akwai wurin neman a sake dubawa. Ka rubuta gajeren bayani: jirgin ƙarfe kaza na shiga, ya isa Sheffield ƙarfe kaza, jirgin da ya kamata in canja ya tashi ƙarfe kaza, na shiga na gaba, na sauka Newcastle ƙarfe kaza. Shafin Realtime Trains yana nuna ainihin lokacin da kowane jirgi ya isa kowace tasha, amma na 'yan kwanakin baya kaɗan yake nunawa kyauta, don haka ka ɗauki hoton allon yau ɗin nan.

In sun ƙi, ka shigar da koke a hukumance. In suka ba ka wasiƙar cewa sun kai ƙarshen maganarsu, ko ranakun aiki 40 suka wuce ba a warware ba, sai ka kai wa Rail Ombudsman, mai shiga tsakani da aka kafa a 2018. Kyauta ne, kuma hukuncinsa yana hawa kan kamfani. Da wuya naka ya kai can.

Baba_Liverpool:
Duk wannan a kan fam 31 da rabi. Ɗana, in karatu yana gabanka kada ka bari ya cinye maka mako. Ka rubuta sau ɗaya, in ya zo ya zo.

Hajiya_Bradford:
Baba, sau ɗayan ma shi muke so ya yi. Da yawa a amsar farko suke tsayawa.

Uwar_Gida_Luton:
Ku yi haƙuri na shigo a makare. Ni manhajata tikiti biyu ta yanka mini a tafiya ɗaya don ya fi arha. Jirgin farko ya sa na rasa na biyu. A kan wanne zan nema?

Injiniya_Derby:
A kan duka biyun, Hajiya. Tafiya ɗaya ce ko da tikiti uku ne, muddin tazarar canjin ta cika ƙa'ida. Ki haɗa hotunansu duka a fom ɗaya, ki tara kuɗinsu, ki aika wa kamfanin da ya fara makarar da ke. Masu tikitin takarda kuma, ku ɗauki hotonsa tun kuna cikin jirgi, domin ƙofar fita ta kan haɗiye shi a tashar ƙarshe. Ko ku nuna wa ma'aikacin ƙofa ku ce kuna so ku riƙe shi, zai buɗe muku.

Bazazzagi_Leicester:
Injiniya, na duba, Newcastle na rubuta, kuskuren ba daga wurina yake ba. Na aika da neman a sake dubawa tare da hotunan lokutan jiragen uku. Yau kwana shida shiru. Baba, na ji nasiharka, jarrabawa tana tafe, ba zan zauna gadin imel ba.

Injiniya_Derby:
Ka ba su har ranakun aiki 20 kafin ka sake taɓa su. Ka adana lambar koken.

Abu_Hanan:
Na tambayi liman kamar yadda na ce. Ya ce in sharaɗin daga gare su yake kuma ban ƙara ko minti ɗaya a kan gaskiya ba, babu laifi. To yanzu ga tawa: ranar yajin aiki ce, sun rage jirage tun kwana biyu kafin tafiyata, wanda na saba shiga ba ya cikin jadawalin ranar, na shiga na bayansa na isa wurin aiki da lattin minti 40. Wannan ma ana lissafa shi, ko da jadawalin yajin aikin za su auna ni?